Cikin Ƙiftawar Ido: Yadda Aka Ɗaura wa Fim Agogo

Maƙalar wannan mako ta faɗo kaina, kuma na zaɓi in ɗan fita daga adabi in shiga tarihin wata na'ura. A yi mini haƙuri, akwai lissafi a ciki, amma bai fi na cefane wuya ba.

Da wuya a samu ɗayanmu da bai taɓa rubuta "cikin ƙiftawar ido" ko "kafin ka ce kwabo" a labarinsa ba. Da mun rubuta haka mun sallami mai karatu, mun nuna masa abin ya faru da saurin da ba a bin diddiginsa, sai mu wuce. To akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu a kan wannan ɗan taƙin da muke tsallakewa. Ƙiftawar ido ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na sakan ba, amma a cikinta harsashin bindiga ya yi tafiyar fiye da mita ɗari, ƙuda ya kaɗa fiffike sau gomomi. Injiniyan da ƙarfensa ke karyewa da likitan da ke nazarin tafiyar ɗan Adam, duk abin da suke nema a nan ciki yake ɓoye.

Dabarar ganinsa mai sauƙin faɗa ce. Fim jerin hotuna ne marasa motsi, ɗaya na bin ɗaya a kan doguwar leda mai huji-huji a gefe. Majigi yana haska 24 a kowane sakan, ido ya haɗa su ya ga motsi. Idan kyamara ta ɗauki hotuna 240 a sakan ɗaya, majigi ya nuna su 24 a sakan kamar yadda ya saba, abin zai fito a hankali ninki goma. Mai shirya wasan kwaikwayo iyakar buƙatarsa ke nan, ya ga jarumi yana faɗuwa a sannu, 'yan kallo su yi shewa. Mai binciken kimiyya kuwa lamba yake so. Tsakanin wannan hoton da na gaba da shi, lokaci nawa ne ya wuce? In bai san amsar ba, duk kyan hotunan ba za su ba shi saurin komai ba. A nan ne tarihin ya fi tsami, domin sa fim ya yi gudu ya zo wa injiniyoyi da sauƙi fiye da sanin gudun da yake yi.

Bari mu fara da doki. A shekarar 1878, a gonar dawakin Leland Stanford da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani mai ɗaukar hoto haifaffen Ingila, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa. Stanford attajirin harkar jirgin ƙasa ne, tsohon gwamnan jihar, kuma yana son a raba masa gardama: shin doki yana tsakiyar sukuwa, akwai lokacin da duk kofatansa huɗu ke barin ƙasa? Muybridge ya gitta zare a kan hanya daura da kowace kyamara, dokin na wucewa yana tsinka su, kowane zare na tayar da kyamararsa. Hotunan suka nuna lallai yana barin ƙasa, amma a lokacin da ya tattare ƙafafun a ƙarƙashin ciki, saɓanin yadda masu zane suka daɗe suna zana shi ya miƙe su gaba da baya. Duk wanda ya kalli hawan sallah ya ga wannan sau ɗari, bai dai gan shi ba.

Sai dai ku lura da aibin tsarin. Zaren nisa yake rabawa daidai wa daida, bai san lokaci ba. Dokin da ake son aunawa shi ne kuma ya zama agogo. In ya ƙara wuta, hotunan su matso kusa da juna a lokaci. In ya sassauta, su ware. Sai dai a yi kirdado daga saurin da aka ƙiyasta yana yi. Shi kansa Muybridge ya gane haka, domin da ya koma Jami'ar Pennsylvania daga 1884 ya sa wata na'ura mai aiki kamar agogo ce ke tayar da kyamarorin ta hanyar lantarki.

A Faransa kuma akwai Étienne-Jules Marey, likita masanin aikin gaɓoɓin jiki. Abin mamaki, shekara ɗaya aka haife su da Muybridge, 1830, kuma wata ɗaya suka mutu, Mayun 1904. Marey mutumin awo ne tun asali. A 1882 ya ƙera kyamara mai siffar bindiga wadda ke ɗaukar hotuna 12 a sakan, yana saita ta a kan tsuntsaye suna tashi. A 1894 ya ɗauki kyanwa tana faɗowa, ya nuna yadda take murɗa gaban jikinta sannan bayan har ta dira da ƙafafu. Amma abin da ya fi burge ni a aikinsa ɗan ƙarami ne: yakan ajiye faifan agogo mai allura mai gudu a cikin filin da ake ɗauka, don kowane hoto ya fito ɗauke da shaidar lokacinsa. Ku riƙe wannan dabarar, za ta dawo.

Me ya hana kyamarar sinima ta yau da kullum a ƙara mata wuta kawai? Yadda take jan fim ne. Akwai ɗan ƙugiya da ke shiga hujin gefe, ya jawo fim taki ɗaya, ya sake shi ya tsaya cak, ƙyauren idon kyamara ya buɗe haske ya shiga, ya rufe, ƙugiyan ya sake ja. Louis Lumière daga keken ɗinki ya samo wannan tsari a kyamararsu ta 1895, kuma wanda ya taɓa kallon yadda haƙoran keke ke tura yadi zai gane shi nan take. A zamanin fim marar sauti da hannu ake juya kyamara, juyi biyu a sakan ya ba da hotuna 16, saboda haka saurin ya danganta da damtsen mai ɗauka da yanayinsa a ranar. Sai da sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920 aka tsayar da 24, don in saurin ya yi tangal-tangal murya takan sauya. To ja-ka-tsaya sau 24 a sakan ba matsala. Sau ɗaruruwa, da kyakkyawan ƙira, yana yiwuwa. Da an doshi dubu, ƙugiyan yaga hujin yake yi. Dole fim ya daina tsayawa. Fim mai gudu ba tsayawa kuwa, in aka haska masa hoto, sharɓe zai fito kamar an goga tawada da hannu.

Mataimakin Marey, Lucien Bull, haifaffen Dublin, ya bi ta wata hanya a 1904. Ya naɗa fim a jikin ganga mai juyawa a cikin duhu, ya riƙa haska abin da ake ɗauka da tartsatsin lantarki. Tartsatsin gajere ne ƙwarai, kafin fim ya gusa ya riga ya mutu, don haka hoton ya fito tas. Hikimar tana wurin makunnin: a jikin sandar da ke juya gangar yake, saboda haka tartsatsi da fim tafiyarsu ɗaya. Da haka ya ɗauki ƙwari suna tashi a kan hotuna fiye da dubu a sakan. Iyakarsa ita ce tsawon fim bai wuce zagayen gangar ba, juyi ɗaya an gama, kuma sai ƙaramin abu da za a iya kawowa gaban tartsatsi.

Hanyar da ta yi tasiri sosai ta fito ne a farkon shekarun 1930, kuma dalilinta ba shi da wani armashi: wayar tarho. A cibiyoyin haɗa kira na wancan zamani akwai dubban makunnai masu aiki da maganaɗisu. Idan bakin makunni ya haɗu, maimakon ya zauna sai ya yi 'yan tsalle-tsalle cikin ɗan lokacin da ido ba ya gani, kira ya lalace, ƙarfen ya cinye da wuri. Kamfanin Eastman Kodak ya ƙera kyamarar fim mai faɗin milimita 16 da ke kai hotuna 1,000 a sakan, masu bincike na Bell Telephone Laboratories suka yi amfani da ita, suka ga ba ta ishe su ba, suka ƙera tasu mai kai 5,000. Ita ce Fastax. Daga baya ƙirar ta koma hannun Western Electric, sannan kamfanin Wollensak, wanda ya ƙara mata gudu.

A cikinta, tsakanin idon kyamara da fim, akwai dunƙulen gilashi mai fuska huɗu da ke juyawa. Haske in ya ratsa gilashi a karkace yakan goce gefe kaɗan. Yayin da gilashin ke juyawa, hoton da ke ratsa shi yana zamewa ƙasa, kuma an haɗa gilashin da dabaran da ke jan fim ta hanyar giya, yadda zamewar hoton za ta yi daidai da gudun fim. Kamar mutum biyu ne a kan babura biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya miƙa wa ɗaya takarda. A wurinsu kamar a tsaye suke. Fuska ɗaya ta wuce, hoto ɗaya ya zauna, ta gaba ta kawo na gaba.

Yanzu ga lissafin cefanen. A fim mai milimita 16, kowace ƙafa ɗaya tana da hotuna 40. Naɗi mai ƙafa 100, wato kamar mita 30, yana da 4,000. A majigi zai ɗauki minti biyu da sakan 47. A Fastax mai gudun 5,000 bai cika sakan ɗaya ba. Ledar tana wucewa da gudun mita 38 a sakan, kimanin kilomita 137 a awa, gudun da direba mai hankali ba ya yi da fasinja. Idan ƙarshen naɗin ya kuɓuce, bulala yake yi a cikin akwatin ya farfashe, sai an share ɓarɓashin kafin a sa wani.

Ga inda gizo ke saƙar. Fim daga tsaye yake farawa. Injinan lantarkin da ke jan sa irin na bilenda ne ko na'urar huda katako, waɗanda saurinsu ya dogara da ƙarfin wutar da aka ba su da nauyin da suke ja. Mai aiki yakan murɗa na'urar rage ko ƙara ƙarfin wuta, ya duba jadawalin kamfani ya ga wuta kaza tana ba da gudu kaza. Amma jadawali kusan-kusan ne. Mu da muke ganin yadda fankar sama ke rarrafe in wuta ta yi ƙasa ba ma buƙatar dogon bayani. Ga shi kuma naɗin da ake warwarewa yana raguwa, wanda ake naɗewa yana ƙara kauri, nauyin yana sauyawa kowane lokaci. Sakamakon shi ne a babban gudu kyamarar ba ta zama a kan sauri ɗaya. Tun daga farko har kusan ƙarshe ƙaruwa take yi. Wani kaso mai yawa na fim ɗin a hanyar kai wa ga gudun da ake so yake ƙarewa, saboda haka dole a saita abin da za a ɗauka ya faru a daidai ɗan yankin ƙarshe. In ya riga, an ɗauke shi a gudun da bai isa ba. In ya makara da rabin sakan, fim ya ƙare. In abin da ake gwadawa mai fashewa ne guda ɗaya tak, an yi asarar watanni.

Kuma abin da ya sa gilashin ya yi aiki shi ne ya ɓoye matsalar. Tunda giya ta ɗaure shi da fim, hoton tas yake fitowa ko a gudun 2,000 ko a 5,000. Ba za ka kalli hoto ka gane ba, in ban da cewa na farko-farko sun fi haske, na ƙarshe sun fi duhu saboda lokacin shigar haske yana raguwa. Mai binciken da ya ɗauka 5,000 ne alhali 4,500 ne, ya yi kuskuren kashi goma cikin ɗari a saurin abin da yake aunawa. In kuwa ƙarfin bugu yake nema, wanda ke tafiya da sauri sau sauri, kuskuren ya kusa ninkawa biyu.

Maganin da aka samo shi ne na fi so a duk labarin, domin akwai tawali'u a cikinsa. Da suka ga injin ba zai ladabtu ba, sai suka ƙyale shi ya yi gudunsa, suka sa fim ɗin ya riƙa rubuta lokaci a jikinsa. Aka dasa ɗan ƙwan neon a cikin kyamara, irin wanda ke cikin testar mai gyaran wuta, yana fuskantar gefen fim inda hoto ba ya kaiwa. Wutar gida a Amurka tana kai da komo sau 60 a sakan, ƙwan neon kuma yana kamawa sau biyu a kowane zagaye, wato sau 120. Kowane kamawa ya bar ɗan tabo a gefen ledar. Bayan an wanke fim, sai a zauna a ƙirga: hotuna nawa ne tsakanin tabo da tabo? In an samu kusan 42, gudun a wannan wurin 5,000 ne. In 25 ne, 3,000 ne. Ɗakunan binciken da ke son abin ya fi haka daidaito suka daina dogara da wutar gari, suka haɗa ƙwan da na'urar da ke bugawa sau 1,000 cif a sakan. Akwai ma wani ɗan tarko: ƙwan ba daidai wurin da hoto ke sauka yake ba, yana gaba ko baya da 'yan hotuna, don haka sai an cire wannan tazarar a lissafi. Agogon Marey ne ya dawo, sai dai ya tashi daga cikin hoto ya koma gefensa.

Abin da hoto mai lokaci zai iya yi, babu misalin da ya kai na ranar 16 ga Yuli, 1945. Da asubahin ranar, da misalin ƙarfe 5:29, Amurka ta tayar da bam ɗin nukiliya na farko a hamadar jihar New Mexico, gwajin da aka sa wa suna Trinity. Rukunin ɗaukar hoto ƙarƙashin Julian Mack, tare da Berlyn Brixner, ya girke kyamarori kusan hamsin, ciki har da Fastax. Wasu an sa su mita 730 kacal daga hasumiyar bam ɗin, cikin akwatunan ƙarfe da gilashi mai dalma. Babu mai danna su da hannu. Na'urar ƙirga lokaci ce ta tayar da su gab da fashewar, domin nan ba a cewa a sake.

A 1947 aka saki wasu daga cikin hotunan, kowanne da ma'aunin nisa da kuma lokacinsa a rubuce. Wani masanin lissafi da kimiyyar motsin iska na Jami'ar Cambridge, Geoffrey Taylor, tun 1941 ya riga ya fitar da ƙa'idar yadda ƙwallon wuta irin wannan zai riƙa faɗaɗa. Ya ɗauki hotunan ya auna. A kashi ɗaya cikin dubu goma na sakan, daga tsakiyar ƙwallon zuwa bakinsa mita 11 ne. A kashi 25 cikin dubu na sakan, ya kai mita 130. Da nisa, da lokaci, da nauyin iska, ya fitar da ƙarfin bam ɗin: kwatankwacin tan 16,800 na nakiyar TNT, ya buga a 1950. Adadin da hukumomin Amurka suka daɗe suna bayarwa tan 21,000 ne. A ƙa'idar tasa lokaci sau lokaci ake raba wa, don haka da lambobin da ke jikin hotunan sun kauce da kashi goma, da amsarsa ta kauce da kusan kashi ashirin. Ba na iya karanta wannan ba tare da na tuna cewa makonni uku bayan gwajin aka jefa wa Hiroshima nata ba. Kyamarar da aka ƙera don gyara kiran tarho, ga inda ta tsinci kanta.

Daga nan zan yi sauri. A farkon shekarun 1960 kamfanin Redlake ya fito da Hycam, wadda ke da da'irar lantarki mai sa ido a kan juyin injin, ta rage masa wuta in ya zarce, ta ƙara in ya gaza, har fim ya zauna a kan gudun da aka zaɓa. Duk da haka ba a cire ƙwan gefe ba; mai awo ba ya yarda da alƙawarin inji. Waɗanda ke son fiye da abin da leda za ta jure kuma suka daina motsa ta gaba ɗaya. Cearcy Miller, injiniya a hukumar binciken jiragen sama ta Amurka wadda daga baya ta zama NASA, ya yi kyamara mai hotuna 40,000 a sakan don ganin yadda fetur ke ƙonewa a cikin inji, kuma dabararsa ta madubi mai juyawa, wanda ke watsa hoto a kan fim da ke zaune wuri ɗaya, ita aka bi har aka kai miliyoyi a sakan. Matsalar dai ba ta mutu ba, ta koma kan madubin: juyi nawa yake yi a daidai lokacin da abin ya faru?

Ranar 16 ga Yuli, 1969, shekara 24 cif bayan Trinity, wata kyamarar milimita 16 da aka lakaba wa E-8 tana girke a gindin rokar Apollo 11, tana ɗaukar hotuna 500 a sakan. Sakan talatin na tashin rokar suka koma fiye da minti takwas. Yana nan a YouTube, kuma ina ba duk mai son koyon siffanta abu shawarar ya kalle shi da biro a hannu.

Yau babu ledar da za a ja. Kyamarar dijital ba ta da nauyin da za ta tayar daga tsaye, kuma ɗan dutsen kiristal da ke cikinta yana riƙe lokaci fiye da duk abin da Fastax ta yi mafarki. Wayoyi da yawa suna ɗaukar 240 a sakan. Amma a yi hattara da manyan lambobin da ake tallatawa, domin a wasu wayoyin manhaja ce ke ƙirƙiro hotunan tsakiya daga na gaba da na baya, ba idon kyamara ne ya gan su ba. Wanda ke son ya gwada tasa, ya nemi soket mai ɗan jan ƙwan neon a makunninsa. Wutarmu sau 50 take kai da komo a sakan, don haka ƙwan yana kamawa sau 100, ko da yake ido yana ganin sa a kunne ɗoɗar. A ɗauke shi a ɗaki mai duhu a kan 240, sannan a bi bidiyon hoto bayan hoto. A cikin hotuna 24 ya kamata a ƙirga kamawa goma. In da janareta aka yi gwajin aka samu tara ko sha ɗaya, kada a yi saurin zargin wayar, a fara duba janaretan.